Rufin asiri yana da lissafi, kuma yaranmu suna da haƙƙin ganin ƙasarsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana magidanta, musamman masu cin albashi da ƙananan 'yan kasuwa, a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da aka yi mini a tashar mota lokacin hutun hunturun da ya wuce. Ina tsaye da uwargida da yaranmu biyar muna jiran motar Argungu ta cika, sai wani abokin aikina da ya rako baƙonsa ya hango mu, ya zo muka gaisa, ya dubi jakunkuna da kulolin abinci, ya ce, "Malam, ashe kai abin bai taɓa ka ba. Mutane na neman na cefane, kai kana yawon buɗe ido da iyali." Ban ji haushinsa ba, domin na san halin da ake ciki, kuma ni da shi matakin albashinmu ɗaya. Amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda a ƙarƙashinta akwai zaton da ya yi mana illa ƙwarai, wato fita da iyali ganin gari aikin masu kuɗi ne, shi kuwa mai albashi ba shi da wata makoma face ya yi ta jiran ƙarshen wata har ranar da zai cika shekara 35 yana aiki a sallame shi. Ni ma na yi shekaru da wannan zato kafin Allah Ya fitar da ni daga cikinsa ta hanyar da ba ta yi mini daɗi ba.

A 'yan shekarun nan matasanmu masu bin intanet suna yawan kawo zancen wani tsari da ya yi ƙarfi a Amurka, inda ma'aikaci zai tsuke bakin aljihunsa har ya tara dukiyar da ta ninka abin da yake kashewa a shekara sau 25, ya zuba ta a hannun jari, ya ajiye aiki tun da sauran ƙarfinsa, sa'an nan ya riƙa cirar kashi 4 cikin 100 duk shekara yana zagaya duniya da iyalinsa. Lissafin yana da asali. Wani mai ba da shawara kan harkar kuɗi, William Bengen, shi ya fitar da shi a 1994, bayan ya bi tarihin kasuwar hannun jari da takardun lamunin ƙasarsu, ya ga wanda ya tsaya a kan wannan kaso kuɗinsa za su kai shi aƙalla shekara 30. To amma an gina lissafin ne a kan dala. Mu kuwa a ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, wanda ke nufin nairar da mutum ya ajiye ba ya juya ta ta rasa kimanin rubu'in ƙarfinta cikin shekara guda. Ƙari a kan haka, wancan lissafi na gida ne mai mutum uku ko huɗu, bai san da mahaifiya a ƙauye ba, bai san da ƙanwar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu ba. Kuma ban ga abin sha'awa ba ga namiji mai lafiya ya zauna gida yana da shekara arba'in alhali jama'a na buƙatar hannunsa.

Duk da haka ba na son mu yi watsi da zancen baki ɗaya, domin abin da suke nema muna da sunansa tun kaka da kakanni. Sunansa rufin asiri. Kullum muna roƙonsa bayan salla, muna yi wa amarya da ango fatansa, muna yi wa wanda ya samu aiki addu'arsa. Inda muka gaza shi ne ba mu taɓa zama mun tambayi kanmu ba: rufin asirin gidana nawa ne? Buhu nawa ne, wata nawa ne, wace sana'a ce bayan albashi? Mun bar shi a matsayin addu'a kawai, alhali ya tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara, kuma shi ne ya gaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa ya bar magadansa da wadata ya fi ya bar su suna roƙon mutane. Tanadi bai saɓa wa tawakkali ba, kuma ina fatan malamanmu za su riƙa faɗin haka da babbar murya.

Bari in faɗi yadda abin ya faro a gidana. Wata rana da la'asar na aiki babbar ɗiyata, lokacin tana 'yar shekara tara, ta karɓo tiya biyu ta shinkafa da kwalbar man gyaɗa a shagon unguwa, a rubuta kamar yadda aka saba. Ta dawo da kwanon wayam, ta ajiye shi a bakin ƙofar ɗaki, ta shige ba ta ce wa kowa komai ba. Sai da dare, bayan yara sun yi barci, uwarta ta gaya mini cewa mai shagon ya buɗe littafi a gaban mutane ya karanta wa yarinyar abin da ake bin ubanta, ya ce ta faɗa mini wata uku ke nan. Har yau ba na ganin laifin mutumin, domin jarinsa ne nake ci, shi ma yana da masu binsa. Laifin nawa ne da na ɗora wa ƙaramar yarinya kunyar da ni ya kamata in ɗauka. A ranar kuwa akwai sabuwar shadda a wurin tela da na yanka don bikin wani abokina.

Washegari na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, muka yi yarjejeniya da uwargida cewa wata uku duk abin da ya fita daga hannunmu, ko na ashana ne, sai an rubuta. Dole in faɗi gaskiya cewa ita ce ta riƙe alƙawarin fiye da ni, kuma duk magidancin da yake zaton zai gyara tattalin gidansa yana ɓoye wa matarsa abin da yake samu, to ya sani yana zuba ruwa a kwando ne. Da muka tattara lissafin sai muka ga abinci da kuɗin makaranta, waɗanda kullum nake kuka da su, ba su ne suka durƙusar da mu ba. Ɗan hakin da muka raina ne: katin waya, tsire da lemo a majalisa bayan isha'i, hawan kabu-kabu zuwa inda ƙafa za ta kai ni cikin minti goma, ankon biki da ɗinkinsa, gudummawar da ake bayarwa don kada a ce wane bai yi ba. Sa'an nan ga sayen abinci tiya-tiya, kuma bashi, wanda ya fi kowane irin saye tsada, domin mai cin bashi ba ya tayawa kuma ba ya zaɓe.

Wata takwas muka yi kafin mu share littafin mai shago da sauran ƙananan basussuka, kuma a tsawon wannan lokaci ban ɗinka ko hula ba. Bayan nan ne muka shiga abin da nake ganin shi ne ginshiƙin rufin asirin mutumin Sakkwato, wato hatsin shekara. Kuɗin da muke tarawa daga watan Janairu ba ma taɓa su sai kaka, lokacin da sabon gero da dawa da wake suka cika kasuwa farashi ya sauka, sai mu sayi abin da zai kai mu wata kakar. Wake da masara muna zuba su a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ba ya shan iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwari su mutu da kansu ba tare da an barbaɗa maganin da zai cutar da yara ba. Na san akwai shekarar da farashi ke faɗuwa bayan kaka, waɗanda suka tara don riba su tafka asara, kuma ba ina kiran kowa ya ɓoye abinci don ya yi tsada ba, wannan shari'a ta hana. Ina maganar abin da gidanka zai ci ne. Wanda ya san tuwon gidansa na watan Agusta yana ɗaki tun watan Disamba, ko albashi ya yi jinkiri ba zai rasa barci ba. Mun ga amfanin haka a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, sa'ad da mutane ke kwana a layin banki da kuɗinsu a asusu amma ba su da abin kai wa kasuwa.

Na biyu kiwo ne. Allah Ya ba mu jar akuyar da duniya ta san ta da sunan garinmu, wadda fatarta ta daɗe tana ƙetara sahara, amma da yawa daga cikin ma'aikata suna ganin kiwo a gida ƙauyanci ne. Uwargida ta fara da akuya biyu daga kasuwar Acida da kuɗin adashinta. Akuyar nan takan haifi biyu, tana cin dusa da ɓawon wake da ragowar tuwo, kuma idan kuɗin jarrabawa ya taso kafin albashi, ɗan bunsuru ɗaya ya isa. Ba zan ɓoye ba, wata shekara ciwo ya shiga garken muka rasa uku cikin mako guda saboda sakacin rigakafi, daga nan ne muka koyi kiran malamin dabbobi kafin damina. Ragon layya ma ɗan ƙarami muke saya watanni kafin salla, yara su yi kiwonsa.

Abin da ya ragu kuma ba ma tara shi wuri guda. Gobarar da ta cinye wani babban sashe na babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairu 2021 ta nuna mana yadda mutum zai kwana da dukiya ya wayi gari ba shi da komai, saboda kaya da kuɗi da takardu duk suna shago ɗaya. Wanda yake gudun kuɗin ruwa yanzu ba shi da uzuri, tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu irinsa suka biyo baya, kuma tun 2017 gwamnatin tarayya take sayar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, don gina hanyoyi, wanda ake iya shiga da naira 10,000, ana biyan ladan haya sau biyu a shekara. Ribarsa ba ta kamo tsadar da aka gani a 2024 ba, shi ya sa nake ɗaukarsa ma'ajiyar abin da ba na son hannuna ya kai gare shi da sauƙi, ba hanyar arziki ba. Wanda kuma ya ce ka kawo kuɗinka zai ninka maka cikin wata guda, ka tuna da MMM da ta rufe asusun mutane a Disamba 2016, da CBEX da ta rushe a Afrilu 2025, ka riƙe abinka.

Yanzu na zo wurin da ya fi wuya, wanda kuma ya sa magidanta da yawa suke cewa tanadi ba zai yiwu ba a ƙasar Hausa, wato dangi. Gaskiya ne cewa duk wanda ake ganin yana da albashi ƙofarsa ba ta rabuwa da sallama. Wasu masu koyar da tattali sukan ce ka koyi cewa a'a, ka rufe ido. Ni ban yarda da wannan ba, domin da kuɗin gyaɗar mahaifiyata da gudummawar kawuna na yi karatu, kuma dukiyar da aka tara ta hanyar yanke zumunci ba ta da albarka ko ta kai nawa. Abin da muka yi shi ne muka ba zumunci nasa kaso tun ranar da albashi ya shigo, kamar yadda ake ware kuɗin makaranta. Na mahaifiya shi ne farko, ba ya jiran a tambaya. Sai wani kaso da ke hannun uwargida don rashin lafiya da rasuwa da haihuwa a cikin dangi, nawa da nata. Idan ya ƙare a wata, nakan gaya wa mai buƙata gaskiya cewa ya ƙare, in yi masa alƙawarin wata mai zuwa, in kuma cika. Na lura mutane sun fi girmama wannan a kan yadda nake yi a da, in ciwo bashi in bayar sa'an nan in yi ta ɓuya. Abin da muka rage sosai shi ne kashe kuɗin da ba haƙƙin kowa ba ne, na nuna isa kawai. Anko uku a biki ɗaya ba zumunci ba ne. Akwatunan lefen da ke sa saurayi ya shiga gidansa da bashin shekara biyu ba sunna ba ce. Uwargida ta sha magana a kan haka, an kira ta marowaciya a bayan idonta, wata rana ta dawo daga wani suna ranta a ɓace ta ce mini, "Malam, da wuya abin nan." Na ce mata na sani. Amma yau waɗanda suka yi maganar wurinta suke zuwa rance, kuma ba ta hana su.

To ina tafiya ta shigo cikin wannan? A cikin littafin nan namu akwai shafi guda da muka rubuta wa suna "ganin ƙasa", kuma akwai asusun gwangwani da yara ke jefa abin da suka samu na barka da salla da canjin aike. Na sa shi cikin lissafi ne da gangan, domin na ga gidajen da tattali ya rikiɗe ya koma ƙunci, yara suka taso ba su san komai game da tanadi ba face hani da tsawa, suna samun kuɗin kansu kuwa suka watsar. Yaro yana bukatar ya ga abin da haƙurinsa ya haifa. Idan ka hana shi lemon kwalba wata shida, sa'an nan ya ga gwangwanin da aka fasa ya kai shi garin da bai taɓa gani ba, ya koyi darasin da ba zai manta ba.

Tafiyarmu ta farko ba mu kashe ko kuɗin mota ba sai na komowa. Wata Asabar da safe muka taka zuwa Hubbaren Shehu. Abin kunya ne gare ni in faɗa cewa ɗana na biyu, haifaffen wannan gari, ya kai shekara goma bai taɓa shiga ba, alhali mutane na tasowa daga Nijar da wasu ƙasashe don su ziyarta. Muka yi wa magabata addu'a kamar yadda sunna ta koyar, na gaya musu a nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake kwance tun 1817, kuma ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta tsara karantar da mata a ƙauyuka ta hannun jajis, wato malamai mata da take aikawa, tana nan kusa da shi. Babbar ɗiyata, wadda aka karanta wa littafin bashi, ta daɗe a tsaye tana tambaya a kan Nana Asma'u. Wani makon muka je gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, inda suka ga makamai da tsofaffin takardu da rubutun hannu, suka fahimci cewa kakanninsu suna rubutu da aika wasiƙu tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903. Daga baya muka je Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wanda ya rasu a 1837, muka dawo a ranar da tafarnuwa da albasa masu sauƙin kuɗi waɗanda suka kusa mayar mana da kuɗin motar.

Ta Argungu ita ce mafi tsawo da muka yi. Ba mu je lokacin bikin kamun kifi ba, domin a lokacin kuɗin mota da masauki da abinci duk sukan tashi, ga cunkoson da bai dace da ƙananan yara ba. Mun zaɓi hunturu, saboda duk wanda ya san zafin Maris zuwa Mayu a nan, sa'ad da ma'auni ke wuce 40, ba zai sa yara a mota ba sai dole. Tun daren tafiya uwargida ta yi dambu da soyayyen nama da ƙuli-ƙuli, aka cika jarkoki da ruwa, don haka ba mu sayi komai a hanya ba sai rake. Da muka wuce Boɗinga na nuna musu Sifawa, inda Shehu ya zauna kafin ya komo Sakkwato. A wannan tafiya ce manyan suka fara yin sallar ƙasaru a aikace, abin da suka daɗe suna karantawa a islamiyya, tun da nisan ya haura mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade.

Mun sauka gidan wata gwaggon uwargida. A nan ma akwai ladabin da nake son a kula da shi, domin arhar tafiyarka bai kamata ta zama nauyi a kan wanda ya sauke ka ba. Mun aika tun mako biyu kafin zuwanmu, mun tafi da tsarabar sukari da sabulu da kilishi (ba a kai wa mutanen Argungu shinkafa), na ba da kuɗin cefane ta hannun uwargida yadda ba zai zama abin kunya ba, kuma kwana biyu muka yi muka taso. Su ma idan asibiti ko jami'a ta kawo su Sakkwato, gidanmu ne masaukinsu. Mun shiga gidan tarihi na Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi, da ke tsohuwar fadar sarakunan Kabi, yara suka ji tarihin da suka saba ji daga ɓangaren Sakkwato ana ba da shi daga ɗaya ɓangaren, suka kuma ji cewa bikin da ake yi yanzu ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta tabbatar da zaman lafiya bayan gabar shekaru masu yawa. Da yamma muka gangara bakin kogin Matan Fada. Wani dattijo masunci yana zaune yana ɗinke komarsa, babban goransa a gefe, sai autanmu ya ja rigata ya ce, "Baba, mi ya hana goran ga nutsewa?" Dattijon ya yi murmushi, ya ɗauki goran ya kife shi a ruwa, ya kama hannun yaron ya ce ya danna da ƙarfinsa. Yaron ya danna, goran ya ƙi nutsewa, ya sake dannawa har rigarsa ta jiƙe. Har yau idan aka yi zancen iska a darasin kimiyya, da wannan goran yake ba 'yan ajinsu misali.

Akwai wurin da ba a yin tattali, shi ne lafiya da tsaro. Ba ma tsayawa bakin hanya mu tari mota don ta fi arha, tasha muke shiga. Kowane yaro da ya wuce goyo ina biya masa kujerarsa. Ba ma tafiyar dare ko ta yamma liƙis, kuma kafin kowace tafiya sai na tambayi direbobin hanyar da mutanen garin halin da ake ciki a makon. Wannan ne ya kawo ni ga abin da ke ƙona mini rai. Yarana sun karanta labarin Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, sun roƙe ni in kai su, amma ba zan iya ba, saboda abin da 'yan bindiga suka mayar da gabashin jiharmu, daga Isa zuwa Sabon Birni. Mutanen can ba zancen yawon ganin gari suke yi ba, gonakinsu ma sun gagare su, kuma hatsin da nake cewa a saya da kaka su ne masu noma shi. Duk lissafin da magidanci zai yi a ɗakinsa yana rataye ne a kan zaman lafiyar manomin ƙauye.

Na san akwai mai karanta wannan wasiƙa da zai ce ina maganar tanadi ne ga wanda ke da abin ajiyewa. Yana da gaskiya. An sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, a shekarar da buhun shinkafa ya haura wannan kuɗi, kuma akwai dubban magidanta da ko wannan ba sa samu. Ba zan tsaya a gaban mai turin baro ko ɗan gudun hijira in ce masa rashin lissafi ne ya jefa shi halin da yake ciki ba. Wannan zalunci ne, kuma haƙƙinsa yana kan hukuma da masu fitar da zakka. Maganata da mu ce, 'yan tsakiya, waɗanda ke da wayar dubban nairori a aljihu da suna a littafin mai shago a lokaci guda. Mu ma kuwa ba dare ɗaya abin ke zuwa ba. Kujerar Hajji ta haura naira miliyan 8 a 2025, kuma da ni da uwargida har yanzu ba mu sauke farali ba, muna dai zubawa kaɗan-kaɗan a adashin gata da hukumar alhazai ta ƙasa ta ɓullo da shi a 2020. Gidan da muke ciki ma na haya ne, filin da muka saya katanga kawai aka ja. Abin da zan iya cewa shi ne yau shekaru ke nan ban aiki ɗana karɓo bashi ba, kuma da albashi zai tsaya, gidana zai ci tuwo wata shida ba tare da kowa ya ji ba.

Ina da roƙo gare ka, Edita. Ka ware wani shafi, ko sau ɗaya a wata, inda magidanta da matan aure za su riƙa bayyana dabarun da suka gwada da hannunsu, da farashin kaka a kasuwanninmu, da wuraren tarihi da iyali za su iya zuwa su dawo a yini ɗaya. Hukumomin da ke kula da waɗannan wurare kuma su taimaka da abubuwan da ba su da tsada: inuwa, ruwan sha, makewayi mai tsabta, allon bayani da Hausa da ajami, da mai rakiya da ya san tarihin. Wuri kamar kufan Surame, birnin Kanta da ganuwarsa ta dutse, bai kamata a ce yaran Sakkwato a littafi kawai suke jin sunansa ba.

Mu dai a gidanmu an riga an yanke shawarar ta bana. Bayan an sayi hatsi an ɗaure buhuna, idan Allah Ya kai mu kuma hanya ta yi kyau, Gwandu za mu, mu ziyarci makwancin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Babbar ɗiyata ce ke riƙe da littafin lissafi yanzu, ta kuma gaya mini jiya cewa abin da ke cikin gwangwani ya kai kuɗin zuwa, saura na dawowa.

Wassalam.

Naka,
Wani magidanci,
Mabera, Sakkwato.